Daga Kogon Taska Zuwa Kogon Jemagu: Yadda Labaran Yara Suka Sauya

Duk yaron da ya taso da labaran Dare Dubu da Ɗaya ya san abin da ake samu a kogo: dukiya. Ali Baba ya furta kalmomin sirri, dutse ya buɗe, ya tarar da zinariya jibge. Alauddin ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya fito da fitila. Ba wanda ke tambayar wa ke zaune a kogon kafin jarumi ya iso, in dai ba ɓarayi ko aljani ba ne. Amma in mai karatu ya ɗauki irin littattafan kasada da ake rubuta wa yara a Turai da Amurka cikin shekaru talatin zuwa arba'in ɗin nan, sau da yawa zai ga lamarin ya juya. Yaran labarin suna shiga kogo da fitila ɗaure a goshi, suna magana ƙasa-ƙasa don kada su tashi jemagu daga barci, mugun labarin kuwa shi ne mai son fasa dutsen ko gurɓata ruwan da ke cikinsa.

Marubuta ba su wayi gari haka kawai suka sauya ra'ayi ba. Sawun masu bincike suka bi, kuma an ɗauki fiye da shekara ɗari ana tafiyar. Bari mu bi ta daga farko.

Farfesa da ɗan ɗan'uwansa

A shekarar 1864 wani mawallafi a birnin Faris, Pierre-Jules Hetzel, ya fitar da littafin Jules Verne wanda ma'anar sunansa ita ce Tafiya Zuwa Tsakiyar Ƙasa. Hetzel mutum ne mai manufa. A wannan shekarar ce shi da abokinsa Jean Macé suka kafa mujallar iyali da aka gina kan abu biyu, ilmantarwa da nishaɗantarwa, kuma abin da yake so daga Verne shi ne ya cusa ilimin zamaninsa cikin labarin da yaro ba zai iya ajiyewa ba.

Labarin mai sauƙi ne. Farfesa Lidenbrock na birnin Hambog, masanin duwatsu mai saurin fushi, ya tsinci wata tsohuwar takarda mai rubutun ɓoye. Ɗan ɗan'uwansa Axel ya warware rubutun. Suka tafi tsibirin Aisilan, suka ɗauki wani ɗan ƙasar mai suna Hans a matsayin jagora, suka sauka ta bakin wani mataccen dutse mai aman wuta. A can ƙasa suka tarar da teku, da naman kaza mai tsayin itatuwa, da wasu manyan dabbobin ruwa guda biyu da aka daɗe da sanin sun ƙare a duniya suna dambe. Daga ƙarshe dutsen Istoromboli na Italiya ya tofo su waje.

Tunanin cewa cikin duniya rami ne ya girmi Verne. Tun a 1692 Edmond Halley, wanda aka sa wa tauraruwa mai wutsiya sunansa, ya kawo shawarar cewa duniya ɓawo ne cikin ɓawo, don ya bayyana dalilin da ya sa allurar kamfas ke karkata da tafiyar shekaru. Zuwa zamanin Verne yawancin masana sun bar wannan magana, domin masu haƙar ma'adinai sun ga da idonsu cewa zafi na ƙaruwa in ana nutsawa. Abin burgewa shi ne Verne bai ɓoye wa yara wannan ba. Ya sa gardamar a bakin mutanensa: Axel na cewa za su ƙone, farfesa na musu. Axel ne mai gaskiya. A mafi yawan wurare zafi na ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Rami mafi zurfi da aka haƙa a Kola ta ƙasar Rasha ya tsaya a mita 12,262, inda zafi ya kai wajen digiri 180. Kogo mafi zurfi da aka auna bai wuce mita 2,200 da 'yan kai ba. Tsakiyar duniya kuwa tana nisan kilomita 6,371. Ka ga ke nan ko ɓawon ba mu huda ba.

To, ilimi dai ya shiga labari. Sai dai duba halin matafiyan. Suna isa tekun ƙarƙashin ƙasa farfesa ya raɗa masa sunansa, tsibirin da suka gani aka ba shi sunan Axel. Da wani dutse ya tare musu hanya sai suka ɗana masa nakiya, fashewar ta buɗe rami, ruwan tekun ya kwarara ciki. Ba wanda ya tsaya ya ce, halittun da ke cikin ruwan fa? A idon marubucin ƙarni na 19 wannan tambayar ba ta taso ba tukuna.

Haka abin yake a sauran littattafan zamanin. A labarin Tom Sawyer na Mark Twain, wanda ya fito a 1876, Tom da Becky sun ɓata a wani kogo da marubucin ya kwaikwayo daga kogon gaske da ke kusa da garinsu, Hannibal, a jihar Misuri ta Amurka. Yaran sun rubuta sunayensu a bango da hayaƙin kyandir kamar yadda waɗanda suka riga su suka yi. Jemagu sun fito a labarin sau biyu: da farko sun kori yaran har sun kashe wa Becky kyandir, daga baya kuma mugun labarin, da aka rufe ƙofar kogon yana ciki, ya kama su ya ci kafin yunwa ta kashe shi. Lada kuwa akwatin kuɗi ne, sama da dala dubu goma sha biyu. Littafin Rider Haggard na 1885 kan ma'adinan Annabi Sulaimanu, wanda ɗalibai da yawa a ƙasashen da Ingila ta mulka suka karanta a makaranta, ya ma fi fito da abin fili: jarumin maharbin giwaye ne, kogon kuma ma'ajiyar lu'ulu'u ce a ƙasar Afirka da baƙi suka zo kwasa.

Lauyan da ya sha romon ɗan maraƙi

Cikin yaran da suka karanta Verne akwai Édouard-Alfred Martel, wanda aka haifa a 1859. Lauya ya zama, amma zuciyarsa na cikin ramuka. Daga 1888 ya shiga binciken kogunan dutse na kudancin Faransa da tsanin igiya, da ƙaramin kwalekwale mai naɗewa, da wayar tarho don magana da na sama. A 1889 ya sauka ramin Padirac ya gano kogi na gudu a ƙarƙashin ƙasa. Ya auna, ya zana taswira, ya wallafa babban littafinsa a 1894, ya kafa ƙungiyar masu nazarin kogo a 1895. Shi ake kira uban wannan fanni.

A nan sai mun ɗan tsaya mu ga yadda kogo ke samuwa, don sauran bayanin ya dogara da shi. Yawancin manyan kogunan duniya cikin dutsen farar ƙasa suke, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe don yin siminti. Ruwan sama yana haɗuwa da iskar kabon a sararin sama da cikin ƙasa ya zama ruwa mai ɗan tsami. Tsamin kaɗan ne, amma cikin dubban shekaru yana narkar da dutsen, tsaga ta zama hanya, hanya ta zama zaure. Inda ruwan ke ɗiga daga rufi yakan bar ɗan burbushin dutsen da ya narkar, a hankali tsini ya sauko daga sama, wani ya taso daga ƙasa. Sau da yawa girman da suke yi bai kai milimita ɗaya a shekara ba. Wato tsinin da yaro zai karya da hannu ɗaya ya sa aljihu zai iya girme wa kakan kakansa nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne ruwan da ke bin irin waɗannan hanyoyi ba ya tacewa. Ruwan da ya ratsa yashi yana barin datti a baya. Wanda ya bi ramin dutse kamar ya bi bututu ne. Martel a jikinsa ya koyi wannan. A 1891 ya sha ruwan wani marmaro ya kwanta ciwo, ashe mushen ɗan maraƙi ne ke ruɓewa a cikin ramin da ruwan ke bi. Manoman yankin sun saba jefa mushe cikin ramuka, a ganinsu sun rabu da shi ke nan, alhali ƙauyen gaba ke shan romon. Martel ya yi ta rubutu da kiraye-kiraye har dokar lafiyar jama'a ta Faransa ta 1902 ta hana wannan ɗabi'a. Daga nan aka fara fahimtar cewa kogo haɗe yake da rijiyar gari, abin da ka zuba a can zai same ka a randa.

Yaran da suka gano na gaske

Wani abin da ya sa labarin kogo ya dace da yara shi ne, a zahiri ma yara ne suka gano wasu daga cikin manyan kogunan tarihi. Dalilin ba boyayye ba ne: jikinsu ƙarami ne, suna da lokaci, kuma suna kallon inda manya ba sa kallo.

A 1879 wani mai sha'awar kayan tarihi a arewacin Sifen, Marcelino Sanz de Sautuola, yana tonon ƙasa a kogon Altamira, idonsa a ƙasa yana neman ƙasusuwa da makaman dutse. 'Yarsa María, mai shekara takwas, ita ta ɗaga kai ta ga zanen wasu shanun daji masu kama da ɓauna a rufin kogon, da jan launi da baƙi. Uban ya wallafa bayani a 1880 yana cewa aikin mutanen zamanin dutse ne. Manyan masana suka yi masa ca, har aka zarge shi da ɗauko mai zane ya yi. Ya rasu a 1888 da wannan tabo. Sai a 1902, bayan an gano irin zanen a wasu kogunan Faransa, babban mai sukarsa Émile Cartailhac ya fito fili ya janye maganarsa.

Na biyun ya fi shahara. A watan Satumba na 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Marcel Ravidat yana yawo da karensa Robot a dajin da ke kusa da garin Montignac na Faransa, sai suka ci karo da wani rami. Ranar 12 ga wata ya dawo da wasu yara uku, Jacques Marsal da Georges Agniel da Simon Coencas. Suka faɗaɗa bakin ramin suka zurara ciki da fitilar da suka haɗa da kansu. Abin da suka gani a bango dawakai ne, da bijimai, da barewa, ɗaruruwa, waɗanda aka zana kimanin shekara 17,000 da suka wuce. Wannan shi ne kogon Lascaux. Suka gaya wa malaminsu na makaranta, shi kuma ya kai magana ga masana.

In da Twain ne ke ba da labarin, nan zai tsaya: yara sun gano taska, gari ya yi murna. Amma labarin gaske ya ci gaba. An buɗe kogon ga jama'a a 1948, aka kai ana samun baƙi wajen 1,200 a rana. Kowane mutum yana fitar da iskar kabon da tururi da ɗumin jiki, takalmansa na ɗauke da ƙwayoyin halitta daga waje, ga fitilun lantarki da aka kunna. Zanen da ya yi shekara dubu goma sha bakwai lafiya lau cikin duhu da sanyi, cikin shekara goma sha biyar gansakuka ta fara cin bangonsa, wani farin ɓawo kuma ya fara rufe shi. A 1963 ministan al'adu André Malraux ya ba da umarnin rufe kogon. A 1983 aka buɗe kwaikwayonsa a kusa, can masu yawon buɗe ido ke zuwa. Altamira ma an rufe shi a 1977, aka sake buɗewa ga mutane ƙalilan, aka kuma rufewa a 2002.

Ba ɓarawo ne ya lalata Lascaux ba, masoyansa ne, da numfashinsu kawai. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi da ya taɓa shiga adabin kogo na yara, domin ya sa jarumin labari da kansa ya zama abin tsoro ga wurin da ya gano. Jacques Marsal, ɗaya daga cikin yaran huɗu, ya zauna yana gadin kogon har rasuwarsa a 1989.

Afirka ma tana da nata. A 2008, a Malapa ta Afirka ta Kudu, Matthew Berger mai shekara tara yana bin mahaifinsa, masanin burbushin halittu Lee Berger, sai ya ɗago wani dutse da ƙashi maƙale a jiki. Ƙashin wata halitta ce mai kama da mutum da ta rayu kusan shekara miliyan biyu da suka wuce, wurin kuma tsohon kogo ne da masu haƙar farar ƙasa suka taɓa fasawa. An mai da labarin littafin yara a 2012.

Masu gida

Ana cikin haka masana halittu suna ta gano cewa kogo gida ne mai mazauna. A yankin da yake ƙasar Sulobeniya yanzu, in ruwa ya yi ambaliya yakan fito da wata farar halitta daga ƙarƙashin ƙasa, doguwa kamar tsaka, ba ta da ido a fili. Mutanen wurin suka ce jaririn dodo ne, kuma haka wani marubucinsu, Valvasor, ya ruwaito a 1689. A 1768 aka ba ta sunan kimiyya. Ana kiranta olm, dangin kwaɗi ce, tana iya kaiwa shekara ɗari a duniya, tana kuma iya yin shekaru ba ta ci komai ba. A 1831 wani mai kula da fitilu a kogon Postojna, Luka Čeč, ya tsinci wani makahon ƙwaro mai siririn wuya, aka yi bayaninsa a shekarar da ta biyo. Daga nan nazarin halittun kogo ya samo asali. Halitta irin olm fatarta sirirya ce, duk abin da ke cikin ruwa yana shiga jikinta, don haka takin zamani ko maganin feshi da ya zurara daga gona yana iya gamawa da ita. Maganar Martel ce ta dawo ta wata ƙofa.

Sai jemage. Tun a shekarun 1790 wani malamin Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura jemage na tashi daidai ko ba ya gani, wani masani a Janiba kuma ya nuna in an toshe masa kunne sai ya riƙa karo da abubuwa. Aka rasa bayani har kusan shekara 150. Sai daga 1938, Donald Griffin, yana ɗalibi a jami'ar Habad, ya yi amfani da na'urar da ke kama sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum, shi da Robert Galambos suka tabbatar cewa jemage na fitar da ƙara mai tsini ne yana sauraron amsa-kuwwarta, da ita yake gane bango da sauro da reshe. Wato da kunne yake gani.

Da aka fara ƙirga su sai aka ga suna raguwa. A ƙasashen sanyi jemagu na taruwa cikin kogo su yi dogon barcin hunturu, suna rayuwa da kitsen da suka tara. Duk farkawa ɗaya na cinye kitsen makonni. Ayarin yara masu fitila da hayaniya da ya shiga sau biyu-uku a hunturu ɗaya zai iya sa jemagu su mutu da yunwa kafin bazara, ba tare da an taɓa ko ɗaya ba. Ga shi yawancinsu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, asarar ba ta saurin cikewa. A 1976 Amurka ta sa jemage mai ruwan toka cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Merlin Tuttle, wanda ya yi shekaru yana nazarinsa, ya kafa ƙungiyar kare jemagu ta duniya a 1982, kuma babban makaminsa hoto ne: ya riƙa ɗaukar jemagu cikin natsuwarsu, maimakon hotunan da aka saba gani na jemage a matse a hannu yana yage baki don tsoro. A 1988 aka yi dokar kare kogunan da ke filayen gwamnatin tarayyar Amurka.

Littattafai sun bi baya

In ana son ganin sauyin ƙarara, a duba jerin littattafan kasada na Willard Price, guda 14, daga 1949 zuwa 1980. 'Yan'uwa biyu, Hal da Roger Hunt, suna zaga duniya suna kamo namun daji don mahaifinsu ya sayar wa gidajen ajiye dabbobi. Littattafan cike suke da bayanin halayen dabbobi, kuma yara da yawa ta nan suka fara son ilimin halittu, amma dabbar kaya ce. A 2011 aka ba Anthony McGowan aikin ci gaba da jerin. A nasa, 'ya'yan Hal da Roger ne jarumai, aikinsu kuma ceton dabbobi, farawa da damisar Amur ta gabashin Rasha. Gida ɗaya, jini ɗaya, sana'a ta juya.

A ɓangaren kogo da jemagu, littafin Joanna Cole da Bruce Degen na 1987, cikin jerin motar makaranta mai siddabaru, ya sake bin hanyar Verne: malama da ɗalibanta sun nutsa cikin ƙasa, sun ratsa kogo, sun koyi ire-iren duwatsu, sun fito ta dutse mai aman wuta. A 1993 Janell Cannon ta fitar da Stellaluna, labarin 'yar jemage mai cin 'ya'yan itace da mujiya ta raba da uwarta, ta faɗa sheƙar tsuntsaye, aka tilasta mata cin ƙwari da barci a tsaye. A ƙarshen littafin akwai shafukan bayanin kimiyya kan jemagu. A 1997 Kenneth Oppel na Kanada ya fitar da Silverwing, inda jemage ne jarumin kasadar gaba ɗaya. Dabbar da aka ci ɗanya a littafin Twain ta zama mai ba da labari.

Sai dai akwai ƙulli a nan da har yau marubuta ke fama da shi. Labarin kasada yana bukatar a shiga kogo, in ba a shiga ba babu labari. Kimiyya kuwa sau da yawa cewa take a tsaya a waje. Wasu marubutan suna warware ƙullin da sauƙi fiye da kima: a kawo mugun attajiri mai kamfanin haƙar dutse, yara su tona asirinsa, 'yan sanda su zo, shi ke nan. Labarin na da daɗi, amma yana koya wa yaro cewa ɓarna aikin miyagu ce kawai, alhali Lascaux ya nuna akasin haka. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu barin yaron labari ya gano wurin, sannan ya fuskanci tambaya mai wuya: in gaya wa mutane ko in yi shiru?

Abubuwa biyu na wannan ƙarni sun ƙara ɗaure ƙullin. A watan Fabrairu na 2006 aka ɗauki hoton jemagu da farin abu a hanci a wani kogo kusa da Albani ta jihar Niyok. Wata funfuna ce da ta zo daga Turai, ana kyautata zaton a jikin kaya ko takalman mutane. Tana cin fatar jemage yana barci, tana tashinsa akai-akai har kitsensa ya ƙare. Ta kashe miliyoyi a Arewacin Amurka, aka rufe koguna da dama, aka wajabta wa masu shiga wanke kayansu da magani. Wani bincike na Eyal Frank da mujallar Science ta buga a 2024 ya nuna cewa a gundumomin da cutar ta shiga, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8. Jemage ya tafi, ƙwari sun yi yawa, feshi ya ƙaru, jarirai suka biya.

Na biyun a nahiyarmu ne, kuma ta ɗaya gefen ya zo. Kogon Kitum da ke dutsen Elgon a Kenya ya shahara saboda giwaye na shiga cikinsa da dare suna kankarar gishiri da haurensu, abin da ko Verne bai yi mafarkinsa ba. Amma an danganta kogon da cutar Marbug, 'yar'uwar Ebola, a 1980 da kuma 1987, lokacin da wani yaro ɗan shekara 15 daga Denmak ya rasu bayan ya ziyarce shi. Daga baya aka tabbatar cewa wani jemage mai cin 'ya'yan itace da ke kwana a kogo shi ke ɗauke da ƙwayar. To a kashe su mana? An gwada. A ramin ma'adinai na Kitaka a Yuganda an hallaka jemagun da ke ciki a 2008. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo suka cika wurin, kuma da aka auna, kason masu ɗauke da ƙwayar a cikinsu ya ninka na da fiye da sau biyu, cutar kuma ta ɓulla a garin da ke kusa a 2012. Ba tsuntsu ba tarko. Don haka littafin yara da ya nuna jemage a matsayin abin runguma ya yi kuskure daidai da wanda ya nuna shi dodo. Kada a taɓa shi da hannu, kada a ci, kada kuma a kore shi daga gidansa.

Mu fa?

Haɗa kimiyya da kasada ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Tun 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kayan da za a gina labarin kogo da su kuwa suna nan a gida. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, tare da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su. A gandun dajin Yankari akwai ɗakunan da aka sassaƙa cikin dutsen yashi. Manoman da ke ɗiban kashin jemage su kai gona sun san amfaninsa tun kafin a rubuta shi a littafi, yayin da yaran unguwa ke bin mai kashin da danƙo.

Akwai ma labarin gaske da ke jiran marubuci. A 2016 wata masaniyar jemagu 'yar Najeriya, Iroro Tanshi, tana aiki a dajin dutsen Afi na jihar Kuros Riba, ta kama wani ƙaramin jemage mai gajeren wutsiya da zagayayyen hanci kamar ganye, wanda aka yi shekara 45 ba a gan shi a daji ba. Ta bi sawu ta gano 'yan ƙalilan da ke kwana a kogunan wurin. Abin da ke barazana gare su biyu ne: mafarautan da ke shiga kogo neman manyan jemagu don nama, da wutar da ake cinnawa don sharar gona ta kuɓuce ta shiga daji. Ita da abokan aikinta suka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, ana lura da yanayi ana sanar da manoma ranakun da cinna wuta ke da haɗari, ana kuma horar da masu kashe ta in ta tashi. A 2021 aka ba ta lambar yabo ta Whitley a kan wannan aiki.